Jahila Ko Marar Sani? Tsokaci A Kan Wasu Kalmomin Turanci

  

'Yar'uwa mai karatu, wataƙila ki yi mamakin ganin malamar Islamiyya ta ɗauko zancen Turanci a wannan fili namu. Ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu. Wani abu ne ya faru a gabana ya hana ni sakat, har na ga ya dace mu zauna mu tattauna shi.

Kwanakin baya na raka goggona wani asibiti saboda ciwon ƙafa da ya matsa mata. Da layi ya zo kanmu, sai ma'aikaciyar da ke cike kati ta tambaye ta suna da shekaru da unguwa, sannan ta ce, "Mama, kin yi makaranta?" Goggo ta ce, "Na yi mana, na sauke tun ina budurwa, na kuma taɓa littattafai." Ma'aikaciyar ta ce, "A'a Mama, ba wannan ba, boko nake nufi." Goggo ta ce ba ta yi ba. Sai yarinyar ta rubuta kalma ɗaya a kan katin, ta waiwaya ta gaya wa abokiyar aikinta da Turanci cewa a yi wa wannan bayanin magani da zane-zane, domin "illiterate" ce.

Muna cikin a-daidaita-sahu za mu koma gida Goggo ta taɓa ni ta ce, "'Yar nan, me yarinyar can ta ce da ni ne? Na ji ta ambaci wata kalma tana nuna ni." Wallahi sai da na yi jim kafin in ce, "Goggo, cewa ta yi ba ki yi karatun boko ba." Ta ce, "To ai gaskiya ta faɗa," ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin na san da wani ne ya yi mata tafinta, da "jahila" zai ce, tunda haka kalmar take a bakin yawancinmu. Alhali matar nan ta fi shekara 30 tana karantar da yaran unguwa Alƙur'ani a tsakar gidanta, ita ta biya mini Ahalari da Ishmawi, kuma har gobe da ajami take rubuta lissafin adashinta, ko kwabo ba ya ɓacewa.

Da na isa gida sai na ɗauko tsohon ƙamus ɗina na kwaleji, na shiga bin kalmomin da Turawa ke amfani da su a kan wanda bai san abu ba. Abin da na fahimta shi ne, rashin sani ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda ba laifin mai shi ba ne, akwai wanda laifin wasu ne, akwai kuma wanda mutum ya ɗora wa kansa da gangan. Matuƙar muka haɗa su duka muka zuba a ƙwarya ɗaya muka kira su jahilci, to za mu zalunci wasu, mu kuma wanke wasu da ba su cancanci wanki ba, wataƙila har da kanmu.

Kowane rashin sani da sunansa

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce "unaware". Wannan shi ne wanda bai ankara ba, ko labari bai riske shi ba a daidai wannan lokacin. Uwargidan da ta ɗora sanwar mutum 5 ba ta san baƙi 10 ne ke tafe ba, ita ce wannan. Babu wani aibu a ciki, farfesa ma yana faɗawa cikinsa kullum.

Ta biyu ita ce "uninformed", wato wanda ba a sanar da shi ba. Ki lura da kyau, kalmar da kanta tana nuna yatsa ne ga wanda ya kamata ya sanar amma bai yi ba. Amaryar da aka kai ɗakin miji da gado da kujeru da kwanuka, amma ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata wankan janaba, kafin a ce da ita wani abu sai a fara tambayar uwarta da malamarta. Kalmar tana da ƙanwa, "misinformed", wanda aka sanar da shi amma aka ba shi gurguwar magana.

Ta uku ita ce "naive", marar gogewa, mai yarda da duk abin da aka gaya masa saboda bai san halin duniya ba tukuna. Daga Faransanci Turawan Ingila suka aro ta, kuma tushenta a Latin yana nufin abin da yake kamar yadda aka haife shi.

Ta huɗu ita ce "uneducated", wanda bai yi karatun makaranta ba. Ta biyar ita ce "illiterate", wanda bai iya karatu da rubutu ba. Ta shida kuwa, uwarsu duka, ita ce "ignorant", kuma tana da fuska biyu. In an ce mutum "ignorant of" abu kaza ne, ana nufin bai san wannan abin ba kawai, har mutum kan faɗi haka a kan kansa ba tare da jin kunya ba. Amma in aka jefe shi da ita tsurarta, ba a ambaci abin da bai sani ba, to ta zama zagi.

Abin lura a nan, duk cikinsu babu wadda ke nufin daƙiƙi ko wawa. Wannan gida ne daban, can ake samun irin su "stupid" da "foolish". Marar sani in an koya masa zai gane. Mu ma a Hausa ai mun bambanta su, domin mun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Ba mu ce kazar ba ta da hankali ba, ba ta dai san abin da ke ƙarƙashinta ba ne.

"Illiterate" a wane harshe?

Mu koma kan kalmar da aka rubuta wa Goggo. Asalinta daga kalmar Latin ce mai nufin harafi, don haka ma'anarta ita ce marar haruffa. Amma akwai wani tarihi mai ban sha'awa. A Turai ta da, kimanin shekaru 800 da suka wuce, wanda ake kira mai haruffa shi ne wanda ya san harshen Latin, harshen coci da na malamai. Mutum zai iya karanta harshen uwarsa, amma muddin bai san Latin ba, a lissafin malaman wancan zamani marar haruffa ne. Kin ga ke nan tun asali masu riƙe da alƙalami ne ke yanke hukuncin wane rubutu ne rubutu.

A shekarar 1958 hukumar UNESCO ta fitar da ma'aunin da za a riƙa ƙididdiga da shi, inda ta bayyana mai iya karatu da cewa shi ne wanda zai iya karantawa ya kuma rubuta gajeren bayani mai sauƙi a kan rayuwarsa ta yau da kullum, yana fahimtar abin da ya karanta. Ba a ce sai da Turanci ba, ba a ce sai da baƙaƙen boko ba. A bisa wannan ma'auni, littafin adashin Goggo kaɗai ya isa ya fitar da ita daga wannan suna.

Ki ɗauki Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Ba ta taɓa rubuta a, ba, ca, da ba. To da za ta zo gaban wancan teburi na asibiti, me za a rubuta mata a kati?

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin koya wa manya karatu da rubutu, aka sa masa suna Yaƙi da Jahilci. Shiri ne mai albarka wanda ya buɗe wa jama'a da yawa ido, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi shi da alheri. Sai dai a ganina sunan ya taimaka wajen ɗaura auren da bai kamata ba tsakanin rashin boko da jahilci, har ya zama malamin da ya haddace Alƙur'ani ana iya lissafa shi cikin waɗanda ake yaƙi da jahilcinsu.

Mu Musulmi kuwa mu ne ya fi kamata mu yi taka-tsantsan da wannan. Annabinmu (S.A.W.) Ummiyyi ne, bai koyi karatu da rubutu a wurin kowa ba, kuma wannan yana daga cikin hujjojin annabcinsa, ga shi kuma shi ne mafi sanin halitta. Shi ya sa da yawa daga masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci suka zaɓi kalmar "unlettered" a wannan wuri, kalma mai ladabi wadda ke faɗin rashin haruffa ba tare da ta jawo ƙasƙanci ba. Su sun san cewa zaɓen kalma amana ce.

"Ignorant" da "ignore", 'yan gida ɗaya

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki yi tunani. Kalmar "ignorant" ta shiga Turanci ne a ƙarshen ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci, daga wata kalmar Latin mai nufin rashin sani. Daga wannan tushe ne kuma aka sami "ignore". Lokacin da ta fara shiga Turanci a ƙarni na 17, ita ma ma'anarta rashin sani ce kawai, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci za su gaya miki cewa a can "ignorer" har yau tana ɗauke da wannan ma'ana. Sai a ƙarni na 19 Turawan Ingila suka karkatar da ita ta koma abin da muka sani yanzu: ka ga abu ka kau da kai, ka ji magana ka yi kunnen uwar shegu da ita.

Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da halinsa. Ɗaya hali ne da mutum ya tsinci kansa a ciki, ɗaya kuwa aiki ne da ya zaɓa ya aikata. Allah Ya gaya mana a Suratun Nahli cewa Ya fitar da mu daga cikkunan iyayenmu ba mu san komai ba, sannan Ya ba mu ji da gani da zukata. Ashe ke nan dukkanmu da rashin sani muka faro, babu wadda ta faɗo duniya da digiri a hannu. Tambayar da ke kanmu ita ce, me muka yi da jin da ganin da aka ba mu?

Matar da ba ta san hukuncin azumin mai shayarwa ba saboda babu malami a ƙauyensu daban take da wadda Islamiyya ke ƙofar gidanta, mijinta ya yarje mata, amma ta ce ita ta girma da zama a benci. Uwar da ba ta san alamomin jijjigar masu ciki ba daban take da wadda aka gaya mata a wurin awo cewa jininta ya hau, ta ce ai haka ta haifi guda 6 lafiya. Ta farko malami take buƙata. Ta biyu kuwa ko an kawo mata malamai 100 ba za su amfana mata komai ba sai ta sauke girman kai, wanda Hausawa suka ce rawanin tsiya ne. Masu shari'a a ƙasashen Turanci ma suna da suna ga wannan hali, suna ce masa "wilful blindness", wato makantar ganganci, kuma ba sa karɓar ta a matsayin uzuri.

Kalmar gaskiya da ta koma zagi

Akwai wata kalma da 'yan boko ke jifan juna da ita in rai ya ɓaci, wato "ignoramus", cikakken jahili. Kin san asalinta? A Latin ma'anarta ita ce "ba mu sani ba". A tsohon tsarin shari'ar Ingila akan tara wasu mutanen gari su duba ko akwai isasshiyar hujjar da za a gurfanar da wanda ake zargi. In suka ga hujjar ba ta kai ba, sai su rubuta wannan kalma a bayan takardar ƙarar, a sallami mutumin. Wato kalma ce ta masu gaskiya, waɗanda suka ƙi yanke hukunci a kan abin da bai tabbata a wurinsu ba. A shekarar 1615 wani marubuci mai suna George Ruggle ya shirya wasan kwaikwayo a Jami'ar Kambirij a gaban Sarki James na ɗaya, ya sa wa wani lauya mai cika baki wannan suna domin a yi masa dariya. Daga nan kalmar ta juye ta zama zagi.

Wannan labari ya taɓa ni ƙwarai, domin abin da ya sami kalmar shi ne ya sami "ban sani ba" a tsakaninmu. Ta zama abin kunya. Alhali an ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, limamin Madina wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga cikinsu. Wannan bai rage shi da komai ba, sai ma ƙara wa mutane amincewa da ya yi a kan sauran da ya amsa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. A shekarar da na fara koyar da ajin matan aure, wata ɗaliba ta aiko a tambaye ni cewa jinin biƙi ya ƙi ɗauke mata, yaya za ta yi da salla? A gaban aji aka yi tambayar, ga ni sabuwar malama da takardar kwaleji a jaka, mata sun zuba mini ido. Na karanta mas'alar a Ahalari ina yarinya amma ta kwance mini. Maimakon in ce a ba ni zuwa gobe in duba, sai na ce ta ci gaba da zama har sai ya ɗauke. Baiwar Allah nan ta kusa wata 3 ba ta kai goshinta ƙasa ba, kuma ba ta je asibiti ba, tunda Malama ta ce jira ne kawai. Alhali jinin biƙi yana da iyaka: kwana 60 ne mafi tsawonsa a mazhabar Malikiyya, wasu malaman kuma suka ce 40. Abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace za ta yi wanka ta yi salla, ta kuma nemi magani. Da gaskiya ta bayyana, sai da na taka har gidanta na ce, "Maman Abba, ki yafe mini, ni na yi kuskure." Ta ce, "Haba Malama, ai ba komai." Amma ni na san da komai.

Tun daga ranar nake tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabin da dutse ya fasa wa kai a hanyar tafiya, sannan janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya rasu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fushi, ya ɗora alhakin mutuwarsa a kansu, ya nuna cewa tunda ba su sani ba ya kamata su yi tambaya, domin tambaya ce maganin rashin sani. Ki duba, rashin saninsu ba shi aka zarga ba, amsar da suka bayar a kan rashin sani ita aka zarga.

Malamanmu sun raba jahilci gida biyu. Akwai basiɗi, wato sassauƙa: mutum bai sani ba kuma ya san bai sani ba. Akwai murakkabi, mai hawa biyu: bai sani ba, kuma bai san bai sani ba. A shekarar 1999 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell a Amurka, sun gwada ɗalibai a fannoni irin su nahawu da hujjar hankali, suka tarar waɗanda suka fi kowa faɗuwa sun ɗauka cewa sun fi matsakaicin ɗalibi ƙoƙari. Abin da malamanmu suka daɗe da faɗa ke nan. Yau kuma ga waya a hannun kowa. Fatawa da haɗin magani suna yawo a WhatsApp, mace ta karanta da safe, da rana ta zama malama kuma likita.

Jahilcin da takardar shaida ba ta warkarwa

Akwai wata ma'ana ta "ignorant" da ba a koya mana a makaranta ba. A bakin mutanen Ayalan da wasu sassan Birtaniya, in suka ce wane "ignorant" ne, sau da yawa ba karatu suke nufi ba, suna nufin marar ladabi ne, mai wulaƙanta mutane. Da na ga haka sai na ce ikon Allah, ai wannan ita ce tsohuwar ma'anar jahilci a wurin Larabawa. A harshensu jahilci kishiyar ilimi ne, kuma kishiyar hilmu ne, wato haƙuri da sanyin hali da mallakar kai lokacin fushi.

Amru ɗan Hishamu babban mutum ne a cikin Ƙuraishawa, har suna yi masa alkunya da Abul Hakam saboda yadda ake neman shawararsa. Amma sunan da ya bi shi har kabari, bayan an kashe shi a Badar a shekara ta 2 bayan Hijira, shi ne Abu Jahal. Ba wayo ya rasa ba, ba kuma labari ne bai riske shi ba. Gaskiya ya gani ya kau da kai. Da Turancin yau, "ignore" ya yi.

Kuma kada ki ce wannan sai kafiri. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri (R.A.), babban sahabi, ya taɓa goranta wa wani mutum da uwarsa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa cewa akwai sauran halin jahiliyya a tare da shi. In har haka za ta sami Abu Zarri, ina ga ni da ke? Wannan ya nuna mana cewa a lokacin da kika buɗe baki kika ce wa kishiyarki "jahila", ko kika ce wa 'yar aikinki "baƙauya", ko kika kalli surukarki kika yi wa ƙawarki raɗa da "illiterate" don kin san ba ta ji, to a wannan lokacin akwai jahilci a ɗakin, sai dai ba lalle ne a wurin da kike nunawa yake ba.

Kada mu kwanta a inuwar uzuri

Wata za ta ce, to Malama, tunda rashin sani ba laifi ba ne, ai shi ke nan mun huta. A'a 'yar'uwa, ba haka nake nufi ba. Rashin sani ba abin zagi ba ne, amma yana cutarwa, shi ya sa aka ce ya fi dare duhu. Ma'aikaciyar nan ta yi kuskuren suna, amma akwai gaskiya a cikin damuwarta: Goggo ba za ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin maganinta ba, kuma ƙwaya ba ta tambayar ko mutum ya sauke Alƙur'ani kafin ta yi masa illa in ya sha ba daidai ba. Wannan giɓi ne na gaske. Abin da nake cewa shi ne a kira shi da sunansa, domin sai an san sunan ciwo ake samo maganinsa.

Tun a shafukan farko na Ahalari aka koya mana cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba har sai ya san hukuncin Allah a kansa, kuma ya tambayi malamai. Nana A'isha (R.A.) ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Shehu Usmanu kuma a littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Don haka nauyin biyu ne: a kanmu mu tambaya, a kan mazajenmu su koya mana ko su bar mu mu je inda za a koya mana. Uzurin "uninformed" yana ƙarewa ne ranar da aka buɗe miki ƙofa. In kika ƙi shiga, kin tashi daga wancan gida kin koma gidan "ignore".

Abin da nake roƙonki

Na farko, kafin ki kira wata da wani suna, da Hausa ne ko da Turanci, ki tambayi kanki: mene ne takamaimai ba ta sani ba, kuma wa ya kamata ya sanar da ita? Sau da yawa za ki tarar ke ce.

Na biyu, in 'ya'yanki sun dawo daga makaranta da irin waɗannan kalmomi, ki zaunar da su ki bambance musu. Yaron da ya saba kiran kakarsa "illiterate" ba zai zauna a gabanta ya ɗauki abin da ta sani ba, kuma ranar da ta tafi ta tafi da shi.

Na uku, ki saba wa harshenki faɗin "ban sani ba, bari in tambaya", musamman ke da ake kira Malama ko Anti ko Uwargida. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, ki keɓe ki lissafa abubuwan da kika daɗe kina kau da kai daga gare su, ko karatun Fatiharki ne da kika san yana buƙatar gyara, ko haƙƙin wata da ke kanki, ko wani ciwo da kike ji a jikinki kina tsoron a duba. Ki fara da guda ɗaya a wannan mako.

Goggo dai daga baya na gaya mata ainihin yadda mutane ke fassara kalmar. Ta yi dariya ta ce, "Yarinya ce, ba ta sani ba." Sannan ta sa jikarta 'yar aji 4 ta riƙa zuwa bayan la'asar tana nuna mata baƙaƙen boko da lambobi, ita kuma tana biya wa yarinyar allonta. Ta ce ba ta son a sake yi mata zane a kwalin magani. Gemu dai ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu, Ya tsare harsunanmu daga wulaƙanta bayinSa, Ya kuma ba mu ƙarfin halin cewa ba mu sani ba a inda ba mu sani ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.